Yadda na ƙara wa furosesan kwamfutata gudu, da abin da zafin Afrilu ya yi masa

Sana'ata haɗa bidiyon biki da suna. Masu kyamara su kawo mini abin da suka ɗauko, ni kuma in yanke, in jera, in gyara sauti da launi, sannan in fitar. Shagona ƙarami ne, rufin kwano, a cikin Kano. Kwamfutar da nake aiki da ita ta tebur ce, tokumbo, kuma abin da ya fi damuna da ita shi ne lokacin fitar da bidiyo. Akwai wani bidiyon kamu mai tsawon minti 30 da na riƙa auna ta da shi: minti 52 take yi kafin ta gama. Wanda ke da wuta dare da rana zai ga ba wani abu ba ne. Ni kuwa idan aka ɗauke wuta a minti na 40, yufiyes ɗina, wato batirin da ke riƙe kwamfuta in an ɗauke wuta, minti 10 kacal yake riƙewa, sai in tashi janareta da gudu, in ba haka ba aikin ya koma farko. Duk minti ɗaya da na rage, fetur na rage.

Wata rana na buɗe wata ƙaramar manhaja mai suna CPU-Z don in ga abin da ke cikin injin, sai na ga an rubuta Intel Core i5-2500K, sunan furosesan ke nan, wato ƙwaƙwalwar da ke yi wa kwamfuta lissafi. Harafin K ɗin nan ne ya ja hankalina. Da na bincika, na gane cewa kamfanin Intel yana sa shi ne a kan furosesan da bai kulle gudunsu ba, wato mai shi yana iya ɗaga shi sama da abin da aka rubuta a kwali. Wannan shi ne abin da masu gyara ke ce wa obakulokin. Furosesan tsoho ne, a watan Janairun 2011 ya fito, cibiyoyin aiki huɗu gare shi, gudunsa na asali 3.3 GHz. Yana iya hawa 3.7 da kansa idan cibiya ɗaya ce ke aiki, amma idan duka huɗun suna ɗauke da kaya, kamar lokacin fitar da bidiyo, a 3.4 yake tsayawa.

Lissafin gudun ba wuya. Akwai agogon tushe da ke bugawa a 100 MHz, akwai kuma lambar ninkawa. 100 sau 33 ya ba da 3,300 MHz, wato 3.3 GHz. In ka mai da lambar 40, ka samu 4.0. Da na fahimci haka, a daren na kashe kwamfutar, na kunna, na yi ta danna Delete har BIOS, shafin saitin injin da ke fitowa kafin Windows, ya buɗe. Na nemo wurin da aka rubuta CPU Ratio, wato lambar ninkawar, na danna, na sake dannawa. Ko motsi bai yi ba.

Washegari na je wurin maigidana, wanda a shagonsa na fara koyon kwance kwamfuta ina yaro. Na ce, "Oga, furosesan K ne, amma ya ƙi ɗagawa." Bai ko ɗago kai daga abin da yake gyarawa ba, ya ce, "Wane madabod ne a ciki?" Madabod shi ne babban faifan da ake dasa furosesa da sauran kaya a kansa. Na ce nau'in H61 ne. Ya ce, "To ai ƙofa biyu ce, ka buɗe ɗaya, ɗayar a kulle take. Sai ka samu P67, ko Z68, ko Z77. Kuma kada ka sake ka yi wannan aikin da 'yar fankar da ta zo da shi. Ka ji ni ko?" Na ce na ji. Ya ƙara da cewa in sayi littafin rubutu, duk abin da na canza in rubuta, kuma kada in taɓa abu biyu a lokaci guda. A lokacin maganar littafin ba ta shige ni ba, amma na saya saboda shi ya faɗa.

Sai da na yi sati uku ina zagaya shagunan kayan kwamfuta kafin na samu madabod Z77 na hannu mai lafiya. Kafin in biya, na sa fitilar waya na duba soket ɗin, wurin da furosesa ke zama, domin a irin wannan na LGA1155 alluran a jikin madabod suke, ba a jikin furosesa ba, kuma in guda ta lanƙwashe an shiga matsala. Na haɗa da abin sanyaya furosesa na Cooler Master, Hyper 212 EVO, mai bututun tagulla huɗu da fanka mai faɗin milimita 120, da ɗan bututun man shafawa da ake sawa tsakanin furosesa da ƙarfen. Na goge tsohon man da ya bushe ya zama kamar alli, na ɗiga sabo kamar ƙwayar wake a tsakiya, na ɗaura ƙarfen ina ɗaure sukurorin a gicciye kaɗan-kaɗan. Fawa fak ɗina, akwatin da ke raba wa injin wuta, na wat 500 ne mai kyau, don haka ban canza shi ba. Da na irin mara nauyin nan ne da ba a san kamfaninsa ba, da ban fara ba sai na canza, domin in ya ƙone ba shi kaɗai yake tafiya ba.

Wannan duka a cikin Janairu ne, hunturu ya kankama. Ka riƙe wannan, don zai dawo.

Shafin farko na littafin, ban canza komai ba, aunawa kawai na yi. Na buɗe HWMonitor don ganin zafi, CPU-Z don ganin gudu da boltej, wato ƙarfin wutar da ake ba furosesa, sai Prime95 don ɗora wa furosesan kaya. Ita Prime95 ba don wannan aka yi ta ba. George Woltman ne ya rubuta ta don wani aikin neman manyan lambobin lissafi da ake ce wa Mersenne, wanda aka fara a 1996. Amma lissafinta na da nauyi ƙwarai, kuma tana duba amsarta da kanta, shi ya sa in furosesa ya yi kuskure ko da ƙanƙani ne, takan tsaya ta faɗa. A gudun kamfani, da sabuwar fankar, zafin ya tsaya a digiri 56, boltej kusan 1.20. Iyakar da Intel ya sa wa wannan furosesan digiri 98 ce, a nan yake fara rage gudu da kansa don kada ya lalace. Na yanke wa kaina cewa ba zan bari ya wuce 80 ba.

Na mai da lambar ninkawa 38, na ajiye da F10, Windows ta tashi lafiya. Na ba Prime95 minti 20, ba kuskure. Na koma 40, haka. 41, haka. Agogon tushe kuwa ban taɓa shi ba, na bar shi a 100, domin a wannan zubin na Intel an ɗaure shi da hanyoyin da hadis, wato ma'ajiyar fayilolin kwamfuta, da katin hoto ke bi. In ka matsa shi da yawa, ba furosesa kaɗai ka matsa ba, har ajiyar fayilolinka ka sa a haɗari.

A 42 ne na lura da abin da ya tayar mini da hankali. Zafi ya yi tsalle zuwa 76, alhali a 41 yana 67. Na duba CPU-Z, sai na ga boltej ya kai 1.38. Ni ban sa wannan ba. Na bar wurin boltej a kan Auto ne, madabod ɗin kuma yana ƙara wuta da kansa, ya zuba fiye da buƙata don kada injin ya tsaya. A nan na tsaya na karanta sosai, na fahimci abin da nake ganin shi ne gishirin aikin gaba ɗaya. Gudu yana kawo zafi, amma boltej ya fi shi kawowa. In ka ƙara gudu kashi 10 cikin 100, wutar da furosesa ke sha takan ƙaru da kusan kashi 10. In boltej ka ƙara kashi 10, ƙarin kusan kashi 21 ne, domin shi ninka kansa yake yi a lissafin. Kuma boltej mai yawa shi ne ke cinye furosesa a hankali, har wata rana gudun da yake yi da sauƙi ya gagare shi.

Na cire Auto, na rubuta 1.25 da hannuna. A 42 ya tsaya daram, zafi ya sauko 66. Digiri 10 ke nan na banza da madabod ɗin ya ɗora mini. Na sauke zuwa 1.22 don in ga ƙarshensa, bayan minti 7 Prime95 ta tsayar da cibiya ta uku da saƙon kuskuren lissafi. Na koma 1.24, ya wuce. Na rubuta. Daga nan aikin ya zama abu ɗaya ake maimaitawa: ɗaga lamba ɗaya, gwada, in ya faɗi a ƙara boltej 0.01 ko 0.02, a sake gwadawa. 43 ya nemi 1.27. A 44 na fara ganin shuɗin allon da Windows ke nunawa in injin ya faɗi, an rubuta WHEA_UNCORRECTABLE_ERROR, wanda masu wannan harkar suka fi sani da lamba 124, kuma galibi alama ce ta wutar ba ta isa ba.

Abin da ya ɗaure mini kai a 44 shi ne, na sa 1.30 a BIOS, amma da zarar Prime95 ta fara sai CPU-Z ta nuna 1.26. Na ɗauka madabod ɗin ne ba shi da lafiya, na kira Oga. Ya ce lafiyarsa ƙalau, haka wuta ke yi in kaya ya hau ta, kamar yadda ƙwan fitila ke dushewa in aka kunna injin markaɗe a layi. Ya ce in nemi wurin da aka rubuta Load-Line Calibration in sa shi a tsakiya, kada in kai shi ƙarshe, don in ya kai ƙarshe yakan harba wuta sama da abin da aka rubuta a daidai lokacin da kaya ya sauka. Na sa a tsakiya, na ɗaga zuwa 1.31. Ya tsaya, zafi 73.

A nan kwaɗayi ya shige ni. Na karanta labarin mutane da yawa a Turai da Amurka da suka kai irin wannan furosesan 4.7, wasu har 5.0. Na ce nawa ma ai ɗan gidan ne. Ƙarfe ɗaya na dare, na tsallake dokar Oga, na rubuta 47 ban ƙara wuta ba, kuma a lokaci guda na taɓa gudun ram, ma'ajiyar wucin gadi ta injin. Na danna F10. Fankoki suka juya, suka tsaya, suka sake juyawa, suka sake tsayawa. Allo baƙi ƙirin. Na kashe na kunna sau biyar, ba BIOS, ba komai. Gabana ya faɗi sosai, domin akwai aikin mutane uku a cikin hadis ɗin, kuma ba ni da kuɗin wani injin.

Ban kira kowa ba a wannan tsakar daren. Na zauna na tuna abin da na taɓa gani a shagon Oga. Na zare wayar wuta daga bango, na danne maɓallin kunnawa na ɗan lokaci don sauran wutar ta fita, na buɗe murfin, na cire ɗan batirin nan mai kama da kwabo, CR2032, wanda ke riƙe wa BIOS saitinsa. Na jira minti 5, na mayar. Da na kunna, rubutu ya fito a allo yana cewa an koma saitin kamfani, a danna F1. Na yi hamdala a fili ni kaɗai a shago. Duk saitin da na yi kwanaki ina tarawa ya goge, har agogo ya koma baya. Littafin nan ne ya cece ni: na buɗe shafin da na rubuta saitin 44, na kwafe lambobin ɗaya bayan ɗaya, cikin minti 10 na dawo inda nake.

Daga baya na gwada 45 ta hanyar da ta dace. Sai da na kai 1.36 kafin ya tsaya, zafi kuma ya haura 82 a daren hunturu. Ƙarin 100 MHz, ribar da ba ta kai minti ɗaya ba a bidiyona. Na bar shi. Furosesa biyu masu suna ɗaya, daga masana'anta ɗaya, ba lallai su kai wuri ɗaya ba, domin wajen ƙera su ba a samun biyu da suka yi daidai sak. Nawa iyakarsa ke nan, kuma lambobin da wani ya rubuta a intanet na furosesansa ne da ɗakinsa.

Gwajin minti 20 ba ya isa a ce injin ya zauna. Ina so Prime95 ta yi awa 8 ba tsayawa, kuma samun awa 8 na wuta a jere shi ne ya fi komai wuya. Sau biyu ana ɗaukewa a tsakiya. A na ukun na cika tankin janareta, na kwana a shago a kan tabarma, ina tashi ina duba allo. Da asuba cibiyoyi huɗun duka suna aiki, ba kuskure ko ɗaya, zafi mafi yawa 75. Na fitar da bidiyon kamun nan: minti 41, daga 52. Na ji daɗi ƙwarai. Na rubuta a littafi cewa an gama.

Fabrairu lafiya, Maris lafiya. Sai Afrilu, azahar, ina fitar da bidiyon bikin 'yar wata Hajiya da na yi wa alkawarin za a karɓa bayan la'asar, domin 'yan'uwan ango za su koma Zinder da sassafe kuma suna so su tafi da shi. A minti na 30 shuɗin allo ya fito. Na sake farawa, a minti na 22 ya sake. Wayata ta yi ƙara. "Ɗana, yaron nan zai taho yanzu, an gama ko?" Na ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, injin ne ya ba ni matsala. Ki ba ni zuwa magariba, da kaina zan kawo." Ta yi shiru kaɗan, ta ce, "To, Allah ya kai mu." Nauyin wannan shirun ya fi mini faɗa ciwo, don ba ta taɓa ja mini rai a kan kuɗi ba.

Na buɗe HWMonitor na sa aikin a karo na uku ina kallo. Digiri 91. A Janairu wannan aikin bai wuce 68 ba. Na shiga BIOS na mai da komai gudun kamfani, na fitar da bidiyon a hankali, na kai gidan Hajiya ana kiran sallah. Da dare na buɗe murfin kwamfutar. Tsakanin fankar da faifan ƙarfen akwai ƙura da ta taru ta danƙare kamar bargo, jar ƙurar hunturu ta wata uku, iska ba ta da hanyar wucewa. Ƙananan ƙarafan da ke gefen soket, waɗanda ke rufe da sassan da ke daidaita wa furosesa wuta, ba su taɓuwa don zafi ko bayan an kashe.

Kuskurena a fili yake. Fanka ba ta ƙirƙirar sanyi, iskar ɗaki take ɗauka ta hura. Duk gwaje-gwajena da dare na yi su a cikin hunturu, lokacin da shagon bai wuce digiri 20 ba. A Afrilu, ƙarƙashin kwano, da rana, ya haura 40. Wannan bambancin na digiri 20 kai tsaye yake hawa kan furosesa. Ga shi kuma 4.4 a 1.31, in aka yi lissafin gudu da boltej, zafin da yake fitarwa ya ɗara na asali da fiye da rabi. Furosesa kuma in ya yi zafi, wutar da ta ishe shi yana da sanyi ba lallai ta ishe shi ba. Ni kuwa na tsayar da boltej ɗina a bakin gaɓa, ban bar masa rara ba. Mutanen da na karanta labarinsu suna zaune ne a ɗakunan da ba su san zafin bazarar Kano ba.

Na ari buluwa a wurin Oga, na fito da injin waje, na riƙe fukafukan fanka da yatsa don kada iskar ta juya su fiye da kima, na hure komai. Na sake sabon man shafawa, na ƙara fanka ɗaya a bayan akwatin mai fitar da iska, na janye kwamfutar daga lungun da take zuwa kusa da ƙofa. Da na mai da 44 da rana, zafi ya sauko 84, amma a kwana na biyu Prime95 ta sake kama kuskure. Hanya biyu ta rage: in ƙara wuta, zafi ya ƙaru, ko in sauko. Na sauko 42 a 1.25, ɗan sama da abin da ya nema a Janairu. Wannan karon gwajin awa 8 da rana na yi shi, daga hantsi zuwa la'asar sakaliya, ƙofa a yadda nake barinta in ina aiki. Zafi mafi yawa 78, ba kuskure.

Na kuma gyara wani abu da na yi sakaci da shi tun farko. Boltej ɗin da na rubuta tsayayye ne, ko injin na aiki ko yana hutawa haka yake sha. Na mai da shi tsarin Offset, na bar SpeedStep a kunne, ta yadda in ba a komai furosesan zai sauka 1.6 GHz, wutar ma ta sauka tare da shi. Wannan ya ɗauke ni wasu kwana biyu na gwaji, domin a wannan tsarin injin na iya tsayawa yana zaune ba ya komai in wutar hutun ta yi ƙasa da yawa, sau ɗaya kuma hakan ta faru.

Bidiyon kamun yanzu minti 43 yake ɗauka. Na ajiye saiti biyu a BIOS, ɗaya na 42, ɗaya na 44, da niyyar in riƙa komawa na saman in sanyi ya shigo. Da Disamba ta zo na buɗe BIOS, na duba littafin, na ga minti 2 ne tsakaninsu, na rufe ban canza ba. Na sayi ɗan ma'aunin zafi na rataye a bango saitin tebur, kuma na ƙara layi ɗaya a kowane shafin littafin, inda nake rubuta zafin ɗaki da ƙarfe nawa ne lokacin gwaji. Buluwa kuwa na sayi tawa, duk Juma'a biyu kafin in tafi masallaci nake fito da injin waje in hure shi.